Zinariya da Jan Ɗigo

Ni kaɗai na lura da ɗinkin. A gindin shuɗiyar jakar da Yaya Abdulbaqi yake goyawa, wadda ba ya rabuwa da ita saboda wayoyin caji da tarkacensa, akwai sabon ɗinki da baƙin zare, mai faɗin taku, irin wanda kakarmu Inna Kande take yi wa bakin buhun gero. Tun Talata na gan shi, ban dai ce komai ba.

Ranar Laraba da yamma akuyar Inna, Zinariya, ba ta dawo gida ba, ga ta da tsohon ciki. Yaya Abdulbaqi ya ce kada kowa ya ɗaga hankali. Ai makon jiya ya rataya mata wata 'yar na'ura a wuya cikin ƙullin ƙyalle, girmanta kamar goro, wadda ke nuna inda take da jan ɗigo a taswirar wayarsa. Alhamis da sassafe ya hau babur ya fita. Bai shigo gida ba sai bayan azahar, rigarsa sharkaf da gumi. Inna tana gindin darbejiya tana tsince wake a faifai, ni kuma ina gefe ina yanka kuɓewa. Ya gaishe ta.

"Lafiya lau, sai zafi. Sannu da zuwa, maigida," in ji Inna. "Ina akuyar? Ko ka baro ta a zaure tana cire takalmi?"

"Tsohuwa, bari in sha ruwa tukuna. Yau na ga abin da ya fi ƙarfin boko."

"Ashe akwai shi? Ba kai ka ce ko allura ce ta faɗa rijiya wayarka za ta nuna ta ba?"

"Tana nunawa mana. Na'ura ba ta ƙarya. Ɓarawon ne ba ƙaramin ɓarawo ba."

"To, ba ni labari, jarumina. Da ganin wuyan nan naka kamar mariƙin lema na san an gwabza."

Ya shanye moɗa guda, ya zauna a kan turmi, jakar tana bayansa.

"Da safe na duba, ɗigon yana nan unguwa. Na ce wannan tsohon bayani ne, don abin sai bayan minti goma yake sabuntawa. Na tuna yau kasuwar Maigatari, duk wanda ya saci dabba can zai nufa. Na tafi tasha in tsare hanya. Ina tsaye, na sake dubawa. Kin san inda ɗigon ya koma?"

"Makka."

"Tasha! Tashar da nake tsaye! Na leƙa mota bakwai, har da ƙarƙashin kujeru. Wata mata ta ce in na sake taɓa mata kwandon kaji sai ta yi mini ihu."

"Allah ya yi mata albarka."

"Sai na ce bari in riga shi isa. Na murɗa babur sai Maigatari. Ina shiga kara, inda ake sayar da dabbobi, minti goma ba su cika ba, sai ga ɗigo a kara."

"Akuya mai ciki ta yi tseren babur da kai? Lallai Zinariya ta fi ka zuciya."

"A mota aka kawo ta mana! Ke matsalarki ke nan, an haife ki tun kafin a ƙago taya."

"Ni da na yanke maka cibiya? Ranar da aka haife ka kanka kamar gwandar daji, ni na zauna na mulmula shi da man shanu har ya yi kama da na mutane. Ga shi nan ban gama aikin ba."

"Ai shi ya sa na aure ki, don in rama. Saurara ki ji abin mamaki. Na'urar tana da ƙara. In kana kusa da ita ka danna waya, sai ta yi tsit-tsit. Na tsaya tsakiyar awaki na danna. Wallahi da kunnena na ji, a bayana! Na juya da sauri. Na sake dannawa. Ta sake komawa bayana!"

Na ajiye wuƙa ina danne dariya. Na dubi Inna. Ta daina tsintar wake. Tsakuwa ɗaya take ta juyawa a tsakanin yatsunta.

"Sau nawa ka juya?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na fi sau goma. Har dillalai suka kewaye ni, wani Ba-Damagare yana tambaya ko sabuwar rawa ce ta shigo daga Kano. Daga nan na bi bakin iyaka, ɗigo ya biyo ni. Wani jandarma ya harare ni, na juyo. Na yanki hanyar Gagarawa don in ɓatar da shi, ya biyo ni. Mutumin nan ba gudu yake yi ba, Inna, bibiyata yake yi. Yana so ya ga iyakar sanina."

"Ai ya gani."

"Bai gani ba! Don yanzu na kama shi." Ya ɗaga wayar sama kamar wanda ya ci kofin ƙwallo. "Duba nan. Ɗigo ya dawo unguwa. Ga gidanmu, ga ɗigo ya ɗan karkata gabas, kan katanga. Gidan wa ke gabas da mu?"

Gidan Malam Usaini ne, maƙwabcin da shi ya yi wa kakanmu wanka ranar da ya rasu.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Yaya Abdulbaqi. "Kullum Alhamis yana zuwa Maigatari. Yanzu zan kira mai unguwa, mu shiga da shaida a hannu."

Ya miƙe. Inna ta ture faifai har wake ya zube.

"Zauna, don ƙaniyarka! Usainin za ka kai wa mai unguwa? Shekara arba'in muna ɗebo wuta a gidan juna!"

"Kimiyya ba ta san maƙwabtaka ba, uwargida."

"In ka taka zauren nan da maganar sata, na sake ka saki uku."

"Mace ba ta saki."

"A kanka za a fara. Kuma ka kwashe wayoyinka masu kama da hanjin kaza ka bar mini gida."

"Saura kwana tara dai in tafi bautar ƙasa ki huta. Amma kafin nan sai na fito miki da akuyarki. Ke ba kya son Zinariya ne?"

Inna ta kawar da kai. Ya juya ya nufi zaure da gaske, yana neman lambar mai unguwa. Sai na ji muryata ta fita da kanta.

"Yaya."

"Na'am, Tayyiba? Ashe kina nan."

"Ka ajiye jakar a kan turmi. Ka je bakin rijiya ka danna."

"Me jaka ta yi?"

"Ka dai gwada."

Ya dube ni kamar zai yi gardama, sai ya sauke ta. Inda ta kwanta a bayansa ya yi shatin gumi. Ya taka har bakin rijiya, ya juyo, ya danna waya.

Tsit-tsit, in ji jaka.

Ya sake dannawa. Tsit-tsit.

Kaza ta zo ta leƙa turmin ta wuce. Yaya Abdulbaqi ya dawo a hankali, ya juya jakar, ya ga baƙin zaren. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ɗinkin buhu ne," ya ce. "Mutum ɗaya na sani a Gumel da ke wa jakar kwamfuta ɗinkin buhu."

"Tela ne," in ji Inna tana kallon sama.

"Inna Kande!"

"Kada ka kira mini suna gatsau, ban ci bashinka ba."

"Tun safe nake bin kaina! Na ƙona mai har Gagarawa ina farautar bayana! Me ke cikin ƙullin da ke wuyan akuya?"

"Busasshen goro."

Nan dariyar ta ƙwace mini. Na kifa kai a gwiwa, kuɓewa ta watse. Shi ma ya so ya yi fushi, amma bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Don Allah me ya kai ki?"

"Kai ka ce duk abin da aka rataya wa wannan abu ba ya ɓata. Da bakinka ka faɗa."

"Cewa na yi ana ganin inda yake!"

"Ni dai abin da na ji ke nan. Na zauna na yi tunani. Akuya iyakarta bayan gari, ta san hanyar gida tun tana 'yar ƙarama. Kai kuwa an jefa ka wani gari can kudu, bakin teku, ko sunansa harshena ya ƙi ɗauka. Mutumin da ko a kasuwar Gumel sai waya ta gaya masa ina ne gabas. Na ce wannan laya ta Nasara asara ce a wuyan dabba, ga dabbar da ta fi bukata."

"Ni ne dabbar?"

"Wa na aura in ba kai ba?" Ta sunkuya tana tattara wake. "Ga shi na cire mata, kwana ɗaya ta ɓata. Tun jiya abinci ya ƙi wuce mini. Ni na jawo mata."

Yaya Abdulbaqi ya tsuguna yana taya ta tsince waken daga ƙasa. Ana cikin haka aka yi sallama a zaure.

"Salamu alaikum! Kande tana ciki?"

Muryar Malam Usaini ce. Yaya ya yi wuf ya tura wayar cikin aljihu kamar ita ce kayan satar. Dattijon ya shigo da ɗan akuya a kowace hammata, jiƙaƙƙu, ƙafafu na reto. Zinariya tana biye da shi tana kuka, ƙullin goronta na lilo a wuya.

"Ga baƙinki," ya ce. "Yau ƙafa ta hana ni zuwa kasuwa. Na je ɗebo harawa a bayan rumbu, sai na ji kuka a ƙarƙashin tarin kara. Ashe nan ta shige ta sauka. Tagwaye, mace da namiji."

Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta karɓi 'ya'yan tana sa masa albarka, shi da zuriyarsa. Yaya Abdulbaqi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙafa sau biyu.

"Yaron nan akwai ladabi," in ji Malam Usaini da zai fita. "Ba kamar 'yan bokon yanzu ba."

Muka jira har ƙarar takalminsa ta ɓace. Sannan Yaya ya miƙe ya buga ƙirji.

"Kun gani? Ina na ce akuya take? Gidan Malam Usaini! Na'ura ba ta ƙarya!"

"Rufe mana baki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da yanzu kana gaban mai unguwa kana rantsuwa da jaka a baya tana tsit-tsit."

"Amma dai gabas na ce."

"Makaho ma in ya yi ta jifa wata rana zai sami kurciya. Tayyiba, miƙo mini reza in farke masa abarsa, in mayar wa mai hankali."

Na tashi zan ɗauko, sai ya riga ni ɗaukar jakar ya rungume.

"A'a. Bar ta inda take."

"Au, ka yarda kai ne dabbar?"

"Na yarda, tsohuwa, kin ci." Yana dariya har da riƙe ciki. "Tayyiba, kawo wayarki in sa miki manhajar. In na tafi, duk lokacin da matar nan ta dame ki, ki nuna mata ɗigo. Ta ga ina wurin aiki, ta ga ina masallaci."

"In ga kana gidan wata dai," in ji Inna. "Ranar da ɗigon nan ya kwana inda ban sani ba, sai dai ka ji sammaci." Ta ɗaga ɗan akuyan namijin ta dube shi. "Wannan naka ne. Dubi ƙafafunsa kamar tsinken tsire, ga kai babba, ga shi bai san inda ya dosa ba. Jininku ɗaya."

"Na gode. Zan sa masa suna Kande."

"Namijin?"

"Ai baki na duba."

Ta jefe shi da ludayi, ya kauce. Da la'asar na hango shi a bakin murhu, ya ɗora ruwa ya ɗumama, ya jefa ɗan gutsuren kanwa da dusa tafi biyu, ya kai wa Zinariya a tsohon kwano, ya tsuguna ya riƙe mata shi har ta shanye.