Ganga Dogarau a Layin Mai

Shekaranjiya babur ɗina ya yi tari biyu ya mutu a tsakiyar layin gidan mai, ni kuwa ina kai riƙe da littafin nahawun Turanci kamar mai neman zama farfesa. Kada ku yi dariya, jama'a. Ni mai gyaran famfo ne a ma'aikatarmu, furfura ta fito mini ban taɓa ɗanɗana ƙarin girma ba. To bana manyanmu, Allah ya ƙara musu faɗin kujera, suka zauna a ɗaki mai sanyi suka gano abin da ya hana ruwa hawa bene: ma'aikata ba su iya rarrabe jimlolin Turanci ba. Duk mai son ƙarin girma sai ya ci jarrabawa. Maiɗakina har ta gaya wa 'yan'uwanta wai na kusa zama oga.

Allah ya taimake ni, maƙwabcina, tsohon malamin Turanci, yana bayana da jarkarsa.

Na ce, "Malam, ka cece ni, gobe ne."

Ya ce, "Abu mai sauƙi. Ka fara ƙirga ganga."

Wani direba ya leƙo da sauri ta tagar motarsa. "Ganga? Ina aka sauke ta?"

Malam ya ce, "Ba ta mai ba, bawan Allah, ta jimla." Direban ya ja tsaki ya mayar da kansa.

Malam ya ce ganga iri biyu ne. Akwai tsayayye, mai cin gashin kansa, kamar a ce, "Mai ya ƙare." Shi kaɗai ya isa jimla, sunanta sassauƙa. In ka haɗa tsayayyu biyu, "Mai ya ƙare amma layi yana nan," ta zama harɗaɗɗiya. Sai kuma dogarau, wanda ba ya iya tsayawa sai ya jingina, kamar ƙanin matarka da ya zo kwana biyu. "Idan tanka ta iso" dogarau ne, sai ka jingina shi da "za mu sha mai", a samu sarƙaƙƙiya. Kafin la'asar na haddace har jimla ta huɗu, mai haɗa harɗe da sarƙa. Mai kuwa ban samu ba, turo babur na yi har gida.

Jiya na je wurin jarrabawa a ƙafa, na sha guga. Aka zaunar da mu gaban sababbin kwamfutoci, ledarsu ma ba a cire ba. Can rana ta take, sai ga jiniya. Shugabanmu, Mai Girma Babban Bango, Inuwar Ma'aikata, ya iso da motocin da na gaji da kallon wutsiyarsu, ya hau mumbari ya saki Turanci. Na ce bari in gwada karatuna. "Idan kasafi ya fito," dogarau. "Da zarar kwamiti ya zauna," dogarau. "Ko da yake muna sane da halin da kuke ciki," wani dogarau ɗin. Na kasa kunne ina jiran tsayayye kamar mai jiran haihuwar guzuma, sai na ji tafi. Ranka ya daɗe, wannan baiwa ce. Ba kowa ke gina rufi babu bango ba.

Yana fita wuta ta ɗauke. Janareta babu mai, don an juye wa motocin rakiya. Aka ce mu tafi, za a neme mu.

Yau da safe masinja ya tare ni a bakin ƙofa, wai sakamako ya fito. Na ce na wace jarrabawar? Ya ce in rage murya. Wanda ya zo na ɗaya surukin Mai Girma ne, wanda jiya ko inuwarsa ba mu gani ba. Na je na taya shi murna, don mai hannu da shuni ba a yi masa rowar gaisuwa. Na ce, "Yallaɓai, wace jimla ce ta fi ba ka wuya?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce famfon ofishinsa yana ɗiga.

Na gyara masa, har da goge tayil. Yanzu ina zaune a gindin tankin ruwa ina neman jimlar da zan faɗa wa maiɗakina. Sassauƙar dai na san ta, amma ina ganin zan fara da "ko da yake".