Ranar da Na Ɗinke Ragar Ƙwallon Kwando

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na yi aikin alheri wanda babu mai buƙatarsa, a gaban mutanen da suka zo daga nesa domin su ga jikata Saratu.

Saratu doguwa ce tun tana ƙarama. Da ta shiga kwaleji a Sakkwato sai ta faɗa wasan ƙwallon kwando, na kuwa amince bayan na tabbatar da suturarta da lokutan sallarta. Shekararta ta ƙarshe ta aiko mini saƙo garinmu Goronyo cewa wakilan wata ƙungiya za su zo gwada 'yan wasa, mutum ɗaya za su ɗauka, kuma da rana za su wuce. Ta roƙi in zo in yi addu'a. Addu'a kaɗai, jama'a.

Na isa filin wasan tun hantsi bai ɗaga ba, babu kowa. Da na ɗaga kai sai na ga raga rataye a bakin wani ƙarfe, gindinta a buɗe wayam. Ni ɗan masunta ne. Kafin in riƙe allo na riƙe koma. Raina ya ɓaci: makaranta guda, da shugabanni, a bar raga a yage ranar baƙi? Masu fenti sun bar tsani a jingine. Na tattare babbar riga, na zare igiyar da na ɗaure ƙunshin littattafaina, na hau (ni da likita ya hana hawan jaki). Na tsuke gindin nan da ƙulli irin na mahaifina, wanda ko giwan ruwa ba ta kwance shi. Ciwon gwiwata ne ya ceci raga ta biyu da ke ɗaya gefen filin.

Fili ya cika, baƙi suka zauna, shugabarsu wata Hajiya mai tabarau. Aka fara kiran Saratu. Ta jefa daga nesa, ƙwallo ta shiga, ta zauna. Aka miƙa mata ta biyu, ta hau kan 'yar'uwarta. Ta uku ta ɗare bisa, kamar albasa a bakin buhu. Na ce a raina, ga amfanin gyara.

Mai horar da 'yan wasan ya busa usur, ya leƙa ƙarƙashi, ya juyo.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na miƙe a natse, na gyara rawani. "Ba sai an gode ba, ɗana. Don Allah niy yi."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Saratu ta matso, ta rage murya.

"Tsoho, mi ka yi mani? Ta ƙasa ƙwallon ka fita."

"To in za ta fita, don mi aka wahalar sa ta?"

Wannan tambaya ce ta fasa dariyar fili. Aka gwada ƙullin, ya ƙi. Aka nemi wuƙa, babu. Hajiya ta dubi agogo, na ga idon Saratu ya kawo ruwa. Sai ni na sake hawa tsanin, 'yan mata huɗu na riƙe da shi suna "a hankali, Baba", na kwance da haƙorana da suka rage. Ƙwallo uku suka sauko, biyu a kan rawanina.

Hajiya ta share hawayen dariya ta ce, "Malam, ko ba komai ka aje mana shaida. Ukku ta jefa, ukku munka tarar."

Suka ɗauki Saratu. Yau albashi take ci da wasan, ni kuwa ta kafa mini sharaɗi: in zan zo kallo, hannuna ya zauna a kan carbi.

Shekara arba'in ina gaya wa ɗalibai kada su taɓa abu sai sun san hukuncinsa. Ashe wata ɓarakar da gangan aka bar ta, kuma malamin da ya fi kowa buƙatar tambaya shi ne wanda ya tarar da tsani babu mai gadi.