Rasuwar Na'urar Busar da Tufafin Gidan Pedersen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Orval Pedersen na garin Duluth yana sanar da dangi da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta busar da tufafi. Rai ya yi halinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da jiƙaƙƙun wandunansa a cikinta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙona rigar kowa ba. Ko sulalla aka manta a aljihu, "ƙwal, ƙwal, ƙwal" kawai take cewa har ta gama aikinta, ta yi "ɗiii" sau ɗaya, ta kama bakinta.

Ciwon numfashi ne ajalinta. Dokar gini ta ce iskar na'ura waje za ta fita, ta bututun ƙarfe mai santsi. Shi kuwa Orval ya ga wauta ce a zubar da ɗumi a titi, a garin da sanyi ke daskarar da gashin hanci. Sai ya zare bututun daga bango, ya ɗaura masa doguwar safar matarsa Lorraine a baki don ta tare burbushin zare, ɗumin ya zauna a gida. Haka ya taso ya ga mahaifinsa na yi. Safa ta cika ta toshe, bango ya yi ta gumi har ya yi baƙi, baiwar Allah ta yi ta nishi babu mai ji.

"Kai ka shaƙe ta," in ji Lorraine, "kuma da safata."

Marigayiyar ta bar ƙanwarta injin wanki, da kwando, da marayun safa masu yawa. Ta kuma bar sa'arta a raye, wato na'urar maƙwabcinsu Duane Kowalke, gwauro, wadda aka sayo su tare a shago ɗaya. Ita tana nan garau, tana feso tururi mai ƙamshi daidai tagar Orval, kamar da gayya.

Tun ranar rasuwar Lorraine ke ɗaukar kwando ta tsallaka gidan Duane. Orval ya san iya lokacin da tawul ke ɗauka kafin ya bushe, ya kuma san ana zarce shi. Sai ta dawo da fara'a da guntun kek a hannu.

"Ka ga aikin bututun mutumin nan kuwa? Ƙarfe ne zalla, har da 'yar ƙofa a waje. Shi ya ninke maka rigunan ma."

"Na ji. Sannunsa da ƙoƙari."

Kishi na cin Orval, babu amfanin ɓoyewa. Ko rigar da ke jikinsa ƙamshin gidan wani take yi.

Za a fito da gawa ranar Asabar da hantsi, motar masu tsofaffin ƙarafa ta kai ta makwancinta. Duane ya yi tayin kama ta a hau matakala. An gode, ba a buƙata. Zaman makoki a garejin gidan ne, akwai kofi.

Masu kawo sabuwa sun ce ba za su haɗa ta ba sai an kafa bututun ƙarfe bisa doka. Don Allah duk wanda ya san mai wannan aiki ya taho da shi wurin jana'iza, domin jiya Lorraine ta sauke labulen falo ta wanke ta nufi gidan Duane da shi, alhali ko ƙura bai yi ba.