Kunne Biyu Na Toshe

Na taɓa shiga zaman makoki na tambayi ina ango. Ba zan manta da wannan ba ko na so.

Ni makaho ne. Na rasa idona a shekarun tashin hankali, ba kuma zan yi dogon bayani a kai ba. Ban yi boko ba. A unguwar Gomari nake saƙa kujerun roba, ni da abokina Ishaya, mutumin Biu, shi ma makaho. Shekara shida muna inuwa ɗaya. Bai taɓa yarda na fi shi a komai ba, ni ma haka.

Da wayoyi masu magana suka shigo hannunmu sai gardama ta samu wurin zama. Tasa mai tsada ce, 'yarsa ta aiko masa, tana faɗa masa sunan kowane shago da ya wuce. Tawa irin ta kowa ce, maganarta kaɗan, cajinta na kwana biyu. (Turanci suke yi duka. Na haddace hagu, dama, miƙe, da ka iso. Sun ishe ni.)

"Taka ai ba ja-gora ba ce," in ji Ishaya. "Rediyo ce da ta gaji."

"Taka kuma surutu, kamar mai ita."

Modu, wanda ke kawo mana robar saƙa, zai yi aure a unguwar Galtimari, ya turo mana wurin a waya. Muka yi shawara: keke ya sauke mu a bakin titi, kowa ya bi wayarsa, ba tambayar kowa. Abin ya fi gardama a wurina. Tun da na makance ban taɓa zuwa sabon wuri ba tare da hannun wani ba.

Don kada kalma ɗaya ta wuce ni, na toshe kunnuwana biyu da abin sauraro, na ƙure murya. (Makaho ya toshe kunne. Ku auna wannan wayo.)

Hagu. Miƙe. Dama. Sandata ta taɓa ƙarfen rumfa, ƙafata ta taɓa tabarma, wayar ta ce na iso. Na ji kamar an mayar mini da ido. Na cire takalmi, na ɗaga murya.

"Ina angon? Ku fito da shi. A kawo shinkafa kuma, tun safe ban ci komai ba."

Ban ji amsa ba. Na ƙara.

"Wannan wane irin biki ne, shiru kamar an yi mutuwa?"

Wani hannu ya zare mini abin kunne ɗaya a hankali. Muryar dattijo ce.

"Bawan Allah, an yi. Ƙanena ne, jiya."

Sai a lokacin na ji ƙarar carbi, da kukan mata can cikin gida. Na zauna. Na yi ta'aziyya da muryar da ni kaina ban gane ba. Aka yi addu'a da ni. Shinkafar ma sai da suka kawo, suka ce ta sadaka ce, dole na ci. Na ci.

Dattijon da kansa ya riƙe hannuna ya zagaya da ni layin baya, inda gidan bikin yake. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu.

Ishaya na can, ya kusa cinye kwanonsa. Ya yi dariya har ya ƙware. Sai bayan wata guda ya faɗa mini gaskiya: tasa wayar bakin wata kwata ta kai shi, sai da ya tambayi mai gyaɗa hanya.

Waya tana kai mutum unguwa. Ƙofar gida kuwa sai da kunne da baki.

Ishaya ya koma Biu bara, ƙafa ta hana shi aiki. Ni ina nan Gomari. Ina zuwa ko'ina ni kaɗai yanzu, kunne ɗaya a buɗe, kuma kafin in cire takalmi sai na tambaya me ake yi.