Ƙwaryar Gwaggo da Cikin 'Yar Yamai

Labari ya cika kasuwar Belbeji cewa Zuhaira ɗiyar Gwaggo Tabawa ta dawo daga Yamai babu hanji. Wai likitocin can sun zare nata na haihuwa sun saka mata tiyon famfo, shi ya sa in tana tafiya ake jin ƙulu-ƙulu kamar an ɗora wa jaki jarka rabi. Har wata mai gishiri ta rantse ta ga bakin tiyon. To ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Ni Barmo taubashinta ne, ubana da uwarta ciki ɗaya, kuma na bincika: hanji na nan daram. Ƙulu-ƙulun ne kawai gaskiya.

Abin da ya faru shi ne, ranar da ta sauka ƙauyenmu na kwarin Tarka bayan shekarun da ta share a birni, Gwaggo ta dama mata fura da nonon saniyarta. Ta sha har ta jingina. Daga nan ta shiga zaryar bayan gida. Kullum hantsi Gwaggo sai ta sake damawa, ita kuma ta ɗauki ƙwaryar ta zagaya gindin aduwar da ke bayan ɗaki. Idon Gwaggo ya yi rauni, amma kunnenta ko kiyashi ya yi tari tana ji, kuma ba ta yarda an sha furarta sai ta ji ludayi na kankarar gindin ƙwarya. Nan na tarar da Zuhaira, ƙwarya cike a gabanta, ta zuba mata ido.

"Ina gajiyar zarya, Madam? Ya maƙwabta, sun samu runtsawa?"

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Yi magana a hankali. Zauna ka shanye wannan."

"Ni? Yau kuma wace rana, baiwa na kyauta?"

"Akuya ce ke taimakona, ni in kankare ƙwaryar, yau an tafi da ita kiwo. Na duba dangi kaf, kai ka fi kusa da ita."

"Ki zubar mana."

"Geron da Inna ta daka da hannunta? Allah ya kiyaye."

"To sai kin faɗa mini gaskiya. A kasuwa an ce in aka buɗe ki ta baya ana iya ban ruwan gonar albasa."

"An ce, ko ka ce? Saurara, in kanka zai ɗauka. Lokotoro, likitan da ya duba ni a Yamai, ya ce cikin kowane mutum akwai ƙananan halittu, mikirob, ido ba ya ganinsu. Su ke narka abin da ya gagari hanji."

"Tsaya! Ni ma na yi lakwal kafin malam ya gaji da ni. An ce mana mikirob abokin gaba ne."

"Da ka kai aji na gaba da ka ji sauran. Akwai mugaye, akwai na kirki, kowane iri da cimarsa. Masu son dusar gero da ganye da nono mai tsami, in an daina ba su sai su yi ta raguwa."

"Innalillahi! Garke guda aka ba ki amana, kika kashe da yunwa? Me kike zuba musu?"

"Farar shinkafa. Makaroni. Burodi da mayonaz. Lemon kwalba."

"Ko raƙumin Buzu ka ba wannan sai ya kai ka ƙara."

"Kuma ko mura ta taɓa ni sai in aika a sayo mini kafso. Lokotoron ya ce kafson nan ba ya tambayar na kirki da mugu, shara kawai yake. Yana zaton har da wannan a ɗaurewar cikin da nake fama da ita a can, da nauyin jiki, ga sukari ya fara leƙe."

"Ashe ƙibar nan da muke wa murna makabarta ce! Ni kuwa nawa sun fi yashin dajin Tenhya yawa. In na yi latin karin safe har taro suke kira, da mai unguwarsu da limaminsu."

Na zaci za ta jefe ni da ƙwallon aduwa kamar da. Ba ta jefa ba. Ta ɗaga ludayin ta shinshina, ta mayar.

"Barmo, ka tuna muna bin awaki, mu cika ciki da magarya da goriba, mu kafa kai a guga, mu kama akuyar mutane mu tatsa a baki?"

"Na tuna ke ke riƙe ƙafa, ni ke shan duka."

"Ko kai bai taɓa yi mini ciwo ba. A Yamai mafarkin furar nan nake yi. Na sayi ta leda daga firigo, wato firji, sanyi ne kawai da sukari, babu ƙanshin ƙwarya, babu yaji mai kama maƙoshi. In aka yi ruwan fari can, ƙasar ma ba ta ƙanshi irin tamu. Na ratso ƙasa guda a mota saboda wannan ƙwaryar. Ga ta gabana, kuma tsoronta nake ji."

Na gyara zaman hulata.

"To shi lokotoron naki bai san magani ba, sai lissafin gawa?"

"Ya ce kaɗan-kaɗan. Ludayi ɗaya yau, a ƙara gobe, da kwaɗon ganye, har ciki ya saba. Makonni ake yi. Ni kuwa motar ranar kasuwa zan bi."

"Ki gaya wa Gwaggo mana."

"In ce mata me? Cikin da ta haifa ya manta ta? Sha, don Allah."

Ni mutum ne mai tausayi. Na ja ƙwaryar, na yi mata aikin da akuya uku ba za su iya ba, na kankare gindi har ludayi ya yi kuka. Sai muka ji murya daga cikin ɗaki.

"Barmo, sannu da aiki."

Na yi wuf na ajiye ludayin.

"Gwaggo, wucewa nake yi!"

"Wannan zuƙar tun kana yaye na san ta. Jiya da shekaranjiya kuma ludayi ne ke kankara, ba wanda ya haɗiya. Zuhaira, in furata ta yi miki ƙauyanci ki faɗa mini in huta da daka. Kafaɗata ciwo take."

Zuhaira ta miƙe, ta je ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ba ƙauyanci ba ne. Wallahi ita ta kawo ni. Cikina ne ya zama baƙo, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Gobe ki dama mini ludayi ɗaya tak. Dakan ni zan yi. Ba inda za ni sai cikin nan ya gane gida."

Gwaggo ta ce, "Ludayi ɗaya ai na jarirai ne." Amma mun ji tana jawo kwanon gero.

Zuhaira ta dawo tana goge ido da gefen mayafi.

"Kai, je ka gaya wa Idris direba ya ba wani kujerata."

"Shi ke nan, mijinki zai tsufa a kan gwangwanin sadin! Amma ni ba zan bar ki a tsiya ba. Kin san Fulani in garken mutum ya ƙare sukan ba shi aron karsana ta haifa masa. To zan ba ki aron mikirob ɗina, zaɓaɓɓu, masu ƙaho. In sun haihu ki riƙe 'ya'yan, ki dawo mini da iyayen."

Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Naka? Abin da ya shanye ƙwarya guda ko bismilla bai yi ba, wannan ba dabbar kiwo ba ce, kura ce. Riƙe kayanka, na Inna nake jira. Ɗauki ƙwaryar ka wanke ka kai mata, tunda yau kai ne ɗiyar gidan."