Fuskata a Ƙunshin Ƙosai

Injin ban-ruwa arba'in na sauke a Watari, kuma dole su fita kafin noman rani. Mujallun talla biyu ke gaba da juna a Kano, ta takarda da ta waya. Ni da nake haɗa dillalan albasa faɗa in saya da araha, 'yan jarida ne za su gagare ni?

Na ce wa mai ta takarda, "Malam, waya ai ta 'yan zaman banza ce, yi min ragi." Da mai ta waya ya zo, na gyara hula na ce, "Takarda? Ta ƙunshin ƙosai ce!" Ashe bidiyo yake ɗauka.

Ran Laraba bidiyon ya zaga ƙauyuka. Ran Juma'a ta takarda ta fito da hotona cike da shafi, da abin da na faɗa game da waya. Kowanne ya tallata kansa da bakina, ba wanda ya ambaci inji.

Shida na sayar, talatin da huɗu na shago. Kullum na bi ta tasha, sai Inna mai ƙosai ta ɗago shafin: "Alhaji, in ƙunsa maka a fuskarka, ko a waya zan zuba?"