Yadda Aka Latsa Ni a Ɗakin Amarya a Bungudu

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hajo ba, ko da kuwa na so, domin surukata ba ta bar ni na manta ba har ta koma ga Allah. Allah Ya ji ƙanta, amma dai ta yi mini.

A lokacin ina koyar da 'yan mata a makarantar elementare a Gusau, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ni gajeruwa ce, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, gajere ai ba yaro ba ne. Mutane ne suka ƙi yarda. Baƙo ya leƙo ajina sai ya dube ni ya ce, "Yarinya, ina malamarku?" (Da alli a hannuna fa, ina tsaye gaban allo!) Duk na shanye. Wanda na kasa shanyewa shi ne na Inna Kulu.

Inna Kulu ita ce mahaifiyar Malam Sani, wani malamin awon auduga ɗan Bungudu da ke nemana da aure, ni ma ina son sa. Sau ɗaya tak ta hango ni daga nesa, ta koma gida ta yanke hukunci. Magana ta zagayo ta same ni cewa ta ce, "Wagga 'yar firit? Taɓarya ta hi ta tsawo. Iska na tasowa sai mu bi ta daji nema. Ba a gidana ba." Sani kuwa ba mai tsallake maganar uwa ba ne, don haka aurena ya tsaya cak a kan bakin tsohuwar nan.

Sai ga bikin Hajo, 'yar kawuna ta Tsafe, kuma Bungudu za a kai ta, gidan ɗan wan Inna Kulu. Na ce to, ga ranar da matar nan za ta gan ni kusa, kuma doguwa za ta gan ni ko ta ƙi ko ta so.

Abokiyar aikina Malama Ladi ce ta ba ni dabara (ita da take kamar gwangwala, ban san inda ta koyi ilimin gajeru ba). Ta ce zane yana yanke mutum gida biyu, in ɗinka siket irin na matan ma'aikatan jirgi. A ɗaga ƙugunsa sama har ƙarƙashin haƙarƙari, a sake shi har idon sawu, kada ya buɗe kamar kwando. Ban da manyan furanni. A samo yadi mai ratsi, ratsin ya sauko daga sama zuwa ƙasa, ido ya yi ta bin sa yana zaton tafiyar da nisa.

Na nufi kanti. Can ƙuryar kanta na hango shi, fari da ratsin shuɗi siri-siri, mai kauri, mai ƙwari. Na ce a yanko mini. Akawun ya dube ni ya ce, "Malama, na mutum guda ko na mutum biyu?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ka gan ni mutum biyu ne?"

Ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri," ya yanka. Har yau ina jin haushin mutumin nan. Kalma ɗaya ce da ya ƙara, da ya fisshe ni.

Na ɗinka abina da keken makaranta, sai da na karya allura saboda taurin yadin, na ce alamar kayan kirki ke nan. Da na saka na tsaya gaban madubi, wallahi na ga na ƙaru. Na ɗora ɗankwali na tayar da shi sama kamar hasumiya, na ce yau Bungudu za ta san an yi malama.

Washegarin kai amarya, da hantsi, aka ce dangin ango za su zo ganin ɗaki. Kawu ya yi ƙoƙari, ya sayo gadon ƙarfe daga Gusau, an ɗora ƙafafunsa kan duwatsu ya yi tsawo, an jibga katifa, an tara matasan kai har suna neman taɓa rufi. Ƙawaye duk sun fita rakiyar Hajo bayan ɗaki, ni kaɗai na rage. Sai shaiɗan ya raya mini cewa in na zauna can bisa gado, duk wadda ta shigo sai ta ɗaga kai kafin ta gan ni. Na jawo kujerar tsuguno na taka, na yi ta fafutuka da siket ɗin da bai san buɗa ƙafa ba, har na haye. Garin hawa na yaye zanen gadon.

Na dubi katifa, na dubi cinyata. Na sake duban katifa.

Fari da ratsin shuɗi siri-siri. Matasan kai ma haka, tun daga na ƙasa har na sama. Na nemi inda siket ɗina ya ƙare katifar Hajo ta fara, na rasa. A nan ne tambayar akawu ta dawo mini da fassararta: ashe girman katifa yake tambaya.

Kafin in sauko sai ga guɗa a ƙofa, ga muryar Inna Kulu a gaba. Mai hankali da ya ja zanen gado ya rufe ƙafafunsa ya yi murmushi. Ni kuwa, da takardar shaidar koyarwata da komai, sai na juya na cusa kai da kafaɗu bayan tarin matasan nan, na dunƙule, na ja mayafi na lulluɓe sama. Na yi zaton na ɓuya. Ashe na bar rabin da ya fi kowane ratsi a waje.

Sun shigo daga hasken rana, ɗakin da duhu-duhu. Na ji suna ƙwanƙwasa tasoshi, suna yaba kwanoni. To, tsofaffin matan wancan lokaci ba su yarda da ido a kan katifa, sai sun latsa sun ji ko audugar rimi ce ko ciyawa aka cusa aka rufe. Na ji takun Inna Kulu ya matso. Ta latsa matashi na farko ta ce, "Wanga ba laihi." Ta latsa na biyu ta ce, "Wanga an yi mai rowa."

Sai na ji yatsu biyar sun nutse a jikina.

Na ciji leɓe, na ɗauke numfashi. Ta sake latsawa, har da jijjigawa. Ta ce, "Kai! Ku zo ku ji wanga. Aradu nan anka zuba rimi na gaskiya. Har da ɗumi garai!"

Wata ta ce, "Jawo shi mu gani, Kulu."

Ta kama da hannu biyu ta fizga, ta haɗa da mintsini. Na ƙwalla ƙara. Matasai suka zubo, ni ma na biyo su, ɗankwali ya yi nasa wuri. Mata suka watse suna salati, wata tsohuwa ta yi waje tana cewa aljani ya shiga kayan amarya. Inna Kulu kaɗai ba ta gudu ba. Ta sunkuyo ta ƙare mini kallo, daga kai har ratsin ƙarshe.

Ta ce, "Ke, ba ke ta malamar Sani ba? Mi kike yi cikin kayan mutane?"

Na ce, "Ina kwana, Inna." Abin da ya zo bakina ke nan.

Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta har garin Kekun Waje. Hajo, amaryar da ya kamata a ce tana kukan rabuwa da gida, sai da aka riƙe ta. Na koma Gusau cikin aron zane, na yi kuka na ƙoshi, na ce aure kam ya tafi.

Bai tafi ba, kuma dalilin ne ya fi ƙona mini rai. Sani ya zo yana ƙunshe dariya, ya ce Inna ta amince. Wai ta ce da ta zaci ƙashi ne da fata, amma yanzu ta ji da hannunta, yarinya a cike take, za ta iya aikin gida. Ilimina bai gamsar da ita ba, ladabina bai gamsar da ita ba, tsawon da na karya allura a kansa ko kallo bai ishe ta ba. An auna ni ne yadda ake auna kayan ɗaki, na kuma ci jarrabawa.

Tun ranar da na tare ta raɗa mini suna Matashiya, ya bi ni, ya danne sunan yanka. Ga shi yau ba haƙori a bakina, jikoki na kirana Hajiya Matashiya, baƙi suna cewa lallai sunan ya dace, tsohuwa ba ta tsufa. Nakan yi shiru in karɓa. Abin da na koya dai shi ne, in mai kanti ya yi miki tambayar da ba ki gane ba, ki tsaya ki tambaye shi kafin ki yi fushi. In kuma kin riga kin ɗinka, to ki zauna a tabarma.